Tilo, fice da zakka: yadda nake koya wa yaran Adar faɗin “babu irinsa” da Ingilishi

Akwai kalmomin Ingilishi da ke ba ɗalibanmu wuya don ba su taɓa jin su ba. Waɗannan da sauƙi, a rubuta a allo, a fassara, a wuce. Masu kayar da yaro su ne waɗanda yake ganin ya san su tun daga firamare, don sun yi kama da Faransancin da ya saba da shi. A cikin irinsu babu wadda na fi cin karo da ita a takardun ɗalibai kamar “unique”. Rubutunta ɗaya ne a harsunan biyu, ko harafi bai bambanta ba. Ingilishi daga Faransanci ya aro ta, Faransanci kuwa ya gaje ta daga Latin, inda tushenta yake nufin ɗaya. Sai dai da ta ƙetare teku zuwa Ingila ta bar wani kaso na kayanta a baya.

A ce wa yaro ya gabatar da kansa, sai ya rubuta: “I am the unique son of my father.” Abin da ke ransa shi ne “fils unique”, wato shi kaɗai ne ɗa namiji wurin mahaifinsa. Malamin Sakkwato ko na Kumasi da ya karanta wannan jimla wani abu daban zai ji, zai ɗauka yaron na cewa duk cikin ƴaƴan babansa babu mai irin halinsa. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne “the only son”. Haka titin da Faransanci ke kira “sens unique”, a Ingilishi “one-way” ne. Kuma ko a wurin da kalmar ta dace akwai wani ɗan tarko a gabanta: “a unique” ake cewa, ba “an unique” ba, domin a baki da sautin “yu” take farawa, kuma Ingilishi sautin yake bi a wannan doka.

Na daɗe ina koyar da Ingilishi a kwalejojin gwamnati, waɗanda muke kira CEG, a gundumomin Madawa da Buza da Keita cikin jihar Tawa. A wurinmu yaro ba ya haɗuwa da wannan harshe sai ya shiga ajin farko na kwaleji, siziyam. Lokacin ya riga ya sha Hausa a nono, wani ma da Tamajak ko Fulatanci, ya yi Larabci a makarantar allo, ya yi shekara shida yana kokawa da Faransanci. Ingilishi na zuwa masa ne a matsayin baƙo na huɗu, kuma galibi ta ƙofar Faransanci ake shigo masa da shi. A da ana iya cewa darasi ne na cin jarrabawar BEPC kawai. Yanzu magana ta wuce nan. A watan Maris na 2025 kundin da ake kira Charte de la Refondation ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Tun kafin wannan ma, daga Bangi zuwa iyakar Najeriya ba wata tafiya ba ce, albasarmu na sauka a kasuwannin Gana, kuma da wuya ka sami gida a Adar da ba shi da ɗan ci-rani. Yaron da ke zaune gabana yau, gobe shi zai yi cinikin buhu ta waya da mutumin Akara, ko ya cika takardar neman gurbin karatu. A duka biyun abin da za a tambaye shi ɗaya ne: mene ne naka ya fi na wani, ko ya bambanta da na wani?

Shi ya sa nake ba wannan darasi mako biyu cur, kuma ba na fara shi da Ingilishi. Ina shiga aji in ce a rufe littafi, kowa ya faɗa mini yadda ake cewa abu ya fita daban da Hausa. Minti biyar na farko shiru ne, don ba su saba a tambaye su Hausa a cikin aji ba. Da ɗaya ya ɓalle, sai a rasa mai tsayar da su. Tilo. Ba shi da na biyu. Ɗaya tamkar da dubu. Ya yi fice. Ya yi zarra. Ya yi musu fintinkau. Ya ciri tuta. Zakaran gwajin dafi. Gagara badau. Sai an tona. Tsilli-tsilli. Ya fita zakka. Saniyar ware. Bare. Kafin a kaɗa ƙararrawa allo ya cika, kuma yaran da ake cewa ba su da kalmomi su ne suka cika shi.

Daga nan sai mu zauna mu rarraba su kamar yadda mata ke rarraba albasa a bakin rudu, manya gefe, ƙanana gefe, masu tabo gefe. Kullum kashi huɗu muke samu. Akwai kalmomin ƙidaya, masu cewa abu guda ɗaya ne rak. Akwai na fifiko, masu cewa ya fi saura. Akwai na ƙaranci, masu cewa yana da wuyar samu. Akwai kuma na saɓani, masu cewa ya bar hanyar da saura suka bi, kuma yawancinsu ba yabo ba ne. Ingilishi ma waɗannan kashi huɗun gare shi. Kusan duk kuskuren da nake gyarawa da jan biro daga wuri ɗaya yake fitowa: yaro ya ɗauko kalma daga wani kashi ya ajiye ta a wani.

Kashin ƙidaya da itacen Tenere nake buɗe shi. Wata ƙaya ce da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada, a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, a yi tafiyar kwana da kwanaki a kan raƙumi ba a ga wata ba. Saboda kaɗaicinta har a taswira ake sa ta. A shekarar 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi, aka kwashi gangar jikinta aka kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Ƙaya ce irin wadda awakinmu ke ci kullum, ba ta fi sauran ƙayoyi kyau ko tsawo ba. Abin da ya sa duniya ta san ta, ita kaɗai ce a wurin. To nan ne gidan “only”, da “sole”, da “single”, da “lone”. “It was the only tree for many days' journey.” Idan yaro ya riƙe wannan hoto, ba zai sake kiran kansa “unique son” ba, don ya gane maganar ƙidaya ce.

Kashin fifiko kuwa ba sai mun je nesa ba. Galmi na nan yamma da Madawa a kan babbar hanyar Konni, kuma albasar da ta ɗauki sunanta, Violet de Galmi, ita ake nomawa a kwarin Tarka da Majiya har zuwa fadamun Keita. Rabin ajina ƴaƴan masu noma ta ne. Ina tambayar su me ya sa ɗan kasuwa zai baro Abijan ko Kumasi ya zo nemanta. Su faɗi launinta, su faɗi yajinta, su faɗi yadda take ɗaure miya, su faɗi yadda take jure ajiya wata da watanni. Sai in ba su kalmomin: “outstanding”, “exceptional”, “unmatched”, “unrivalled”, da karin maganar da ke tafiya tare da su, “second to none” da “in a class of its own”. Ina kuma ba su labarin da ke nuna cewa wannan magana tana da kuɗi a bayanta. Shekarun baya wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, wadda hedikwatarta ke Yawunde, ta mallaka masa wannan iri da wannan suna. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, abin bai tabbata ba. Daga baya hukumar ta yi wa albasar rajista a matsayin kayan da sunansa ke ɗaure da yankinsa, ita da kilishin Nijar. Wanda duk ya tsaya kare irin wannan haƙƙi, dole ya iya faɗa a rubuce, da harshen da za a saurare shi, abin da ya sa nasa ba irin na kowa ba ne.

“Second to none” na da daɗin koyarwa, don kusan kowane aji sai an sami mai fassara ta da “ya zo na biyu”. Bahaushe da Bature duka da lamba biyu suka yi aiki, amma kowa ta ƙofarsa ya shiga. Mu muna cewa ba shi da na biyu, wato mun duba bayansa ba mu ga mai bi masa ba. Su suna cewa shi ba na biyun kowa ba ne, wato sun duba gabansa ba su ga wanda ya riga shi ba. Haka abin yake tsakanin “ɗaya tamkar da dubu” da “one in a million”. Ɗalibi zai so ya rubuta “one like a thousand”, kuma babu mai jin Ingilishin da zai gane shi. Bahaushe awo yake yi, ya ɗora mutum guda a sikeli ya rinjayi dubu. Bature tankaɗe yake yi, sai ya tace miliyan kafin ya sami guda. Ma'anar ta kusa, ginin ya bambanta, kuma karin magana ba a warware ta a sake ɗinkawa. Yadda aka same ta haka ake ɗaukar ta, ko harafi ba a canzawa. “One of a kind” ake cewa. Wanda ya ce “one of the kind” ya ɓata ta.

Kashin ƙaranci na raƙuman dawan Kure ne, waɗanda ke yawo a gonakin mutane kimanin kilomita 60 daga Yamai. Su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A shekarar 1996 ba su kai 50 ba, yanzu sun haura 600 saboda kulawar da aka yi musu. Ba guda ɗaya ba ne, don haka “only one” ba ta dace da su ba. Kalmominsu su ne “rare”, da “scarce”, da “the last of their kind”. Abin da muke cewa tsilli-tsilli shi ne “few and far between”, abin da kuma ba ya faruwa sai jefi-jefi shi ne “once in a blue moon”. Nan yara kan tsaya su tambaya ko wata na yin shuɗi a Ingila. Ina ce musu ku ma kuna cewa wane ya sha kashi, alhali ba ku ga ya kai komai baki ba.

Kashi na huɗu shi ne mai haɗari, kuma a kansa na fi daɗewa. Wata yarinya a ajin katiriyam ta rubuta mini shafi guda a kan mahaifiyarta, yadda take saƙar tabarmar kaba har dare don ta saya mata littafi. Ta rufe da cewa: “My mother is a very strange woman.” Ta duba ƙamus ne tana neman kalmar da ke nufin wadda ba a saba ganin irinta ba, ƙamus ya ba ta “strange”. Ba ta san ta ce uwarta bauɗaɗɗiya ce ba. Na kira ta gefe na tambaye ta da Hausa me take nufi. Ta ce, “Mushe, ina nufin babu kamarta.” Na ce to rubuta “There is no one like my mother”, ko “She is one in a million.” Ta yi dariya ta rufe fuska da hijabi da ta ji abin da ta faɗa da farko.

“Strange”, “odd”, “weird”, “peculiar”, duka suna cewa abu ya fita daban, amma da ɗaga gira ake faɗarsu. “Peculiar” ta fi cutar da masu Faransanci, don suna haɗa ta da “particulier”. Ita ma “special” sai da lura: a Faransancin baki idan aka ce mutum “il est spécial” sau da yawa gugar zana ce, a Ingilishi kuwa “you are special to me” magana ce ta ƙauna. Sannan ga tagwaye biyu masu kama da juna. “To stand out” yabo ne, mutum ya yi fice a cikin taro. “To stick out like a sore thumb” kuwa ya fito fili ne ta hanyar da ba a so, kamar mai baƙar riga a cikin masu farare ranar Idi.

A nan ne “black sheep” ke shigowa. Ga ƴaƴan makiyaya baƙar tunkiya tunkiya ce kawai, ana sayenta a kasuwa kamar kowace. Sai na bayyana musu cewa Turawa don gashi suke kiwon tumaki, kuma baƙin gashi ba ya karɓar rini, shi ya sa ba a son sa. Da sun ji haka sai wani ya ɗaga hannu ya ce, “Mushe, ai wanda ya fita zakka ke nan.” Shi ke nan kuwa. Mu daga gona muka ɗauko tamu, damin da ake warewa ɗaya cikin goma, muka ɗora wa ɗan da ya bar halin gidansu. Su daga garke suka ɗauko tasu. Yaron da ya gano wannan da kansa ba ya mantawa, ko bayan shekara biyar ka tambaye shi.

To ina ita “unique” ɗin take zama a cikin kashi huɗun nan? Tana tsakanin na farko da na biyu. Tana nufin abu ba shi da kwafi, ko ya fi saura ko bai fi ba. Misalin da ya fi shiga kan yara shi ne zanen yatsa, wanda ake ɗauka wajen yin fasfo. Naka ba ya fi nawa kyau ba, amma babu mai irinsa, ko tagwaye ba sa haɗa shi. Don haka ne malaman Ingilishi da yawa ba sa son a ce “very unique” ko “more unique”, kamar yadda mu ba ma cewa wane ya fi wane zama tilo. A bakin mutane ana jin ta, amma ina gaya wa ɗalibaina su bar ta a takardar jarrabawa.

Duk wannan ɓangare ne mai sauƙi. Mai wuyar ba a cikin ƙamus yake ba, a tarbiyyarmu yake. Mun taso an koya mana cewa yabon kai jahilci ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta yabe shi a gaban mutane. Kirari ma, wanda shi ne gidan kalmomin fice a Hausa, yawanci wani ke yi wa wani, sai fa ɗan kokawa ko mafarauci a fagensa. Sai ga takardun neman tallafin karatu da na neman aiki a ƙungiyoyin waje sun zo da tambaya ƙarara: “What makes you unique?” Wata tsohuwar ɗalibata da ta ci bakaloriya ta zo mini da irin wannan tambaya a wayarta, kwana uku ta kasa rubuta layi ɗaya. Ta ce, “Mushe, ni ba ni da wani abu na daban. Kowa a garinmu haka yake.” Na ce, “Ɗiyata, bar maganar ke wace ce. Faɗa mini abin da kike yi daga asuba zuwa dare.” Ashe ita ke riƙe da littafin lissafin ƙungiyar masu saƙar tabarmi ta unguwarsu tun tana ajin turaziyam. Ita ke karanta wa mata takardar asibiti. Ita ta tara ƙannenta da ƴaƴan maƙwabta tana yi musu bitar karatu a zaure da fitilar waya. Na ce rubuta wannan, yadda yake, da shekarun da kika yi kina yi. Ba ta sa “unique” ko sau ɗaya a cikin amsarta ba, kuma ba ta ji ta yi rashin kunya ba, don aiki ta lissafa.

Wannan ita ce dokar da na kafa a ajina: duk wanda ya rubuta “unique” ko “exceptional” ko “one of a kind”, sai ya biyo ta da “because”. Kalmar yabo ba tare da hujja ba buhu ne babu komai ciki, ba ya tsayuwa. Kuma yankinmu ba ya rasa hujjoji. A Keita ina ba su aikin gida su je su tambayi kakanninsu labarin Furoje Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya, FAO na gudanarwa, PAM na ba da abinci a madadin aiki. Maza da yawa sun tafi ci-rani saboda fari, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin, suka haƙa ramuka a kan fako, suka jera duwatsu, aka gina madatsun ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa. A Buza ina tura su ga jerin dogon yaro na kwarin Majiya, wanda aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE don kare gonaki daga iska. Wani yaro ya dawo da jimlar da har yau nake karanta wa sababbin ɗalibai: “My grandmother is second to none because she carried stones on her head to stop the water, and now we grow onions there.” Nahawunta daidai, karin maganarta a gurbinta, kuma abin da ta faɗa gaskiya ne. Ya ce da ya fassara wa kakar, sai ta ce ya daina, ai ba ita kaɗai ta ɗauka ba.

Ba duka iyaye ke sakin jiki da wannan darasi ba, kuma ina ganin damuwarsu. A wani taron iyayen yara wani dattijo ya miƙe ya ce, “Malam, wanga karatu naku kada ya koya ma ɗiyanmu girman kai. Wanda babu kamarsa Allah ne.” Na ce, “Gaskiyarka, Baba. Amma ai kai ma ka san muryar kowane ɗa naka a cikin duhu, kuma ka san wanda za ka aika kasuwa da wanda za ka bar wa garke.” Ya ce haka ne. Na ce to abin da nake koya musu ke nan, su iya faɗin wannan bambanci da harshen mutanen da za su yi hulɗa da su, su kuma san kalmar da ke yabo da wadda ke zagi, kada su je wata ƙasa su zagi mai gidansu suna ganin girmama shi suke yi. Ya zauna yana gyaɗa kai. Ko ya gamsu duka ko rabi, ɗansa dai bai fasa zuwa aji ba.

Ga ƴan'uwana malamai, abin da na gani ya yi aiki kaɗan ne kuma ba ya cin kuɗi, ana yin sa ko a ajin zana. Ku fara da Hausa ko harshen da yaran ke ji, ku bar su su cika allo. Kada ku ba da jerin kalmomi ashirin a ce duka ma'anarsu ɗaya, don babu kalmomi biyu da ke zama a kujera guda. Ku rarraba su, ku sa alama a kan masu yabo da masu suka. Kowace kalma ku ɗaure ta da abin da yaro ya taɓa gani da idonsa, tabarmar Madawa ko dutsen Adar ko rijiyar garinsu. Ku ware rana guda don kalmomin da ke kama da Faransanci suna yaudara. Karin magana kuma a ba da ita kaɗan-kaɗan kamar kanwa a miya. Ɗalibin da ya haddace goma zai so ya zuba su duka a sakin layi ɗaya, kuma mai gyaran jarrabawa ya fi son guda ɗaya da ta zauna daidai.

Ga iyaye kuma, ba sai kun ji Ingilishi ba kafin ku taimaka. Idan yaro ya dawo, ku tambaye shi kalmar da ya koyo yau, ku ce ya faɗa muku ita da Hausa. In ya kasa, bai gane ta ba tukuna. Ku ba shi karin maganar da kuka gada, don da ita zai auna ta baƙi, kuma yaron da Hausarsa ke da zurfi ya fi saurin kama Ingilishi mai zurfi. Ku ba shi labarin abin da gidanku ko garinku ya yi fice a kai. Sannan ku lura da kashin da kuke ɗauko kalma idan kuna maganar ƴaƴanku. Yaron da ba ya son surutu, ko mai yawan tambaya, ko yarinyar da ta fi son lissafi a kan saƙa, sau da yawa a gida ake fara ce musu sun fita zakka ko a mayar da su saniyar ware. Na sha ganin irin waɗannan yara a benci na baya, kuma da yawansu bambancin nasu na kashi na biyu ne, ba a dai sami mai faɗa musu ba. Ba na ce ku yi musu kirari a gaban jama'a ba, kunya adonmu ce. Amma a cikin ɗaki, tsakanin uwa da ɗiya, ana iya cewa: wannan abu da kika yi, ban ga mai yin sa kamarki ba.

Mako mai zuwa ajina na sankiyam za su kawo aikin gida: kowa ya zaɓi abu guda a garinsu, ya rubuta jimla uku a kansa da Ingilishi, ɗaya ta ƙidaya, ɗaya ta fifiko, ɗaya ta ƙaranci, kowace da hujjarta. Idan ɗanku ya zo yana tambayar ku shekarun rijiyar unguwa ko wanda ya dasa tsamiyar bakin kasuwa, ku ba shi amsa da haƙuri. Allah ya yi wa karatun yaranmu albarka.